YADDA ZA MU HAƊA KAYAN GANI DA WASANNI A GIDA DON YARAN DA AKE YI WA JIYYA DA KIƊA

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ba inda gaskiyar wannan karin magana ta fi fitowa fili kamar wajen koyar da yaron da ke da lalura a kunne, ko a harshe, ko a ƙwaƙwalwa. Magana iska ce, kiɗa ma haka. Da an buga ganga sautin ya wuce, ba ya jiran kowa. Yaro mai cikakkiyar lafiya yakan cafke abin da aka ce nan take, amma wanda fahimtarsa ke tafiya sannu, kafin ya gane jumla ta fari an riga an kai ta uku. Hoto kuwa yana nan inda aka ajiye shi. Yaro zai dube shi, ya kau da kai, ya sake dubawa, ya taɓa shi, har ya gane.

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, abin da nake so mu yi nazari a kai cikin wannan muƙala shi ne yadda za mu tsayar da sauti wuri ɗaya, mu mai da shi abin gani da abin taɓawa, ta hanyar kayan da muke zubarwa kullum a gidajenmu. Batun bai yi nisa da kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2022 cewa mutum biliyan 1.3, watau kashi 16 cikin ɗari na jama'ar duniya, suna fama da wata babbar nakasa. Da wuya ka sami unguwar da ba ta da irin wannan yaro, kuma sau da yawa yana zaune a ƙuryar ɗaki, 'yan'uwansa suna wasa a waje.

MENE NE JIYYA DA KIƊA?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu kawar da wani ruɗu. Jiyya da kiɗa ba bori ba ce, ba kuma shagalin biki ba ce. Sana'a ce ta asibiti da makaranta, wadda ake koyo a jami'a. Masaninta yakan yi amfani da waƙa, da tafi, da kiɗa, da motsin jiki, don cim ma wata manufa takamaimiya: yaron da ba ya magana ya fara furta kalma, wanda hannunsa ya sandare ya fara miƙa shi, wanda ba ya iya zama cikin mutane ya koyi jiran layi, wanda tsoro ya cika masa zuciya ya sami natsuwa. Ba a nufin yaron ya zama makaɗi. Kiɗan hanya ce kawai, ba shi ne masauki ba.

Tunanin ya daɗe a duniya. Malam Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya rubuta babban littafi kan ilmin kiɗa da tasirinsa a kan zuciya. A garin Edirne na ƙasar Turkiyya akwai asibitin da Sarki Bayazidu na Biyu ya gina, aka gama shi a 1488, inda aka riƙa kwantar wa masu taɓin hankali rai da kiɗa da ƙarar ruwa. Amma sana'ar irin ta zamani ta kafu ne a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da makaɗa suka riƙa zuwa asibitocin soja, likitoci suka lura da yadda majiyyata ke samun sauƙi. A 1944 aka buɗe kwas na farko na digiri a wannan fanni a makarantar da yanzu ake kira Jami'ar Jihar Mishigan, a 1950 kuma masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa. A Ingila wata makaɗiya mai suna Juliette Alvin ta kafa ƙungiya irin wannan a 1958. Wajen 1959 wani mai tsara kiɗa Ba'amurke, Paul Nordoff, da wani malamin yara masu nakasa Bature ɗan Ingila, Clive Robbins, suka fara aiki tare da yaran da aka ɗauka ba za su taɓa koyon kome ba, suka nuna wa duniya cewa kusan kowane yaro yana amsa kiɗa. A nahiyarmu ta Afirka, Jami'ar Piritoriya ta Afirka ta Kudu ta fara horar da masana a 1999.

To, mu ba masana ba ne, kuma abin da za mu yi a gida bai kai a kira shi jiyya ba. Amma masanin kansa, da ɗalibin da ke koyon sana'ar, da malamin ajin yara masu buƙata ta musamman, duk suna buƙatar kayan aiki, kuma da yawa daga cikin kayan da hannu ake yin su. Nan ne namu aikin yake.

DON ME AKE BUƘATAR KAYAN GANI?

Amfaninsu uku ne. Na farko, suna gaya wa yaro abin da ke tafe. Yara da yawa, musamman masu lalurar da likitoci ke kira otizim, wadda wasu ke ce wa galahanga, hankalinsu yakan tashi ƙwarai idan ba su san abin da za a yi nan gaba ba. Na biyu, suna ba yaro baki. Wanda ba ya iya cewa "ganga nake so" zai iya ɗaukar hoton ganga ya miƙa. A shekarar 1985 wasu masana biyu a jihar Delaware ta Amurka, Andy Bondy da Lori Frost, suka tsara hanyar koyarwa a kan wannan: yaro ya miƙa hoto, a ba shi abin da ke jikin hoton. Wasu iyaye sukan ji tsoron kada hoto ya sa yaro ya ƙi magana gaba ɗaya. Binciken masana bai nuna haka ba. Hasali ma yara da dama sukan fara furta kalmar bayan sun saba da hotonta. Na uku, suna sauƙaƙe karatun kiɗa. A ƙasar Finlan, a 1996, wani masanin jiyya da kiɗa mai suna Kaarlo Uusitalo, tare da abokin aikinsa Markku Kaikkonen, sun fito da rubutun kiɗa mai suna Figurenotes, inda kowace murya ke da launinta da siffarta, a kuma liƙa irin wannan alama a jikin abin kiɗan. Wanda ya iya haɗa ja da ja, ya iya kaɗa waƙa ke nan.

Doka ɗaya ce ke bisa dukan abin da za mu haɗa: a fara da tambayar me ake so yaron ya koya, sa'an nan a ɗauki almakashi. Kayan da aka yi don ado kawai, kome kyansu, tarkace ne.

KAYAN DA ZA A TANADA

A nemi kwalin sabulu ko na taliya, da ƙyallayen atamfa daga wurin tela, da tsohon bargo, da samfefa daga wurin kafinta, da murafun kwalba, da gwangwanayen madara, da robobin ruwa, da ƙwarya, da gora, da karan dawa, da igiya, da leda mai kauri, da salatif. Wajen liƙi, ƙaro da aka jiƙa a ruwa ko sitacin rogo da aka dama sun wadatar. Hotuna kuwa a yanko daga tsofaffin kalanda da jaridu, ko a zana. Wanda ke da waya mai kyamara ya ɗauki hoton ainihin gangar da yaron ya sani a wanke masa, domin hoton abu na gaske ya fi zane sauƙin ganewa ga mai farawa. Kowane kati kada ya gaza faɗin tafin hannun babba, hoto ɗaya a kati ɗaya, bayansa fari fat. A lulluɓe shi da leda a manne da salatif, saboda miyau da gumi.

NA ƊAYA: ALLON TSARI

A shimfiɗa tsohon bargo a kan kwali mai faɗi, a ɗinke gefe. A liƙa guntun samfefa a bayan kowane kati. Da an ɗora shi a kan bargon zai kama, muddin an ɗan jingina allon. A yi kati biyar: hannu biyu suna gaisawa, watau waƙar sallama, ganga, watau lokacin kiɗa, ƙafafu, watau motsa jiki, tabarma, watau hutawa, hannu yana ɗagawa, watau ban kwana. A jera su daga sama zuwa ƙasa. A ƙasan allon a rataya ƙaramar jaka. Duk abin da aka gama, yaron da kansa zai cire katin ya jefa a jaka, a ce masa, "An gama." Da haka yake ganin aikin yana raguwa, ya san akwai ƙarshe. Kada a sāke waƙar sallama da ta ban kwana. Su zauna iri ɗaya kullum, domin su ne ƙofar shiga da ta fita.

NA BIYU: KATIN ZAƁI

A yi wa kowane abin kiɗa katinsa: ganga, caki, ƙwarya, kuge, sarewa. Haka kuma kowace waƙar da yaron ya sani a yi mata hoto. Idan waƙar tana zancen kaza ce, a zana kaza. A fara da kati biyu kacal, ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, a tambaye shi, "Wanne kake so?" Sa'an nan a yi shiru, a ƙirga goma a zuci. Wannan shirun shi ne mafi wuya ga manya, shi ne kuma mafi amfani. Ko da ido kawai ya nuna, a karɓa, a ba shi abin nan da nan, a faɗi sunansa. In ya zaɓi abin da kuka san ba shi yake so ba, a ba shi dai, don ya gane cewa zaɓinsa yana da ƙarfi. In ya ƙware a kan biyu, a ƙara na uku.

NA UKU: KATIN JAGORA

Waɗannan su ke nuna yadda za a yi kiɗan. A yanka da'ira koriya don "fara", da murabba'i ja mai hoton tafin hannu don "tsaya". Dalilin bambanta siffa shi ne akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe ja da kore, kuma abin ya fi yawa ga maza. Saboda haka kada a dogara ga launi shi kaɗai. A yi hoton zaki don kiɗa da ƙarfi, ɓera don kiɗa a hankali, zomo don sauri, kunkuru don sannu. A liƙa kowanne a kan karan dawa ya zama da mariƙi.

Bayan yaran sun gane, sai a miƙa wa ɗayansu katin ya zama jagora. Ku dubi abin da ke cikin wannan. Yaron da tun da aka haife shi ake ce masa zauna, tashi, bari, yau shi ne ya ɗaga kwali sai ɗaki duka ya yi tsit, har da Malam. Ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

NA HUƊU: KATIN GAƁA DA TSANI

Kowace kalma tana da gaɓoɓi, kowace gaɓa kuma bugu ɗaya ce. A zana dabbobi huɗu: sa, kaza, akuya, tattabara. Sa bugu ɗaya ne, ka-za biyu, a-ku-ya uku, tat-ta-ba-ra huɗu. A ƙarƙashin kowane hoto a ɗinka maɓallai manya daidai da yawan gaɓoɓin, yaro ya bi su da yatsa yana furtawa, sa'an nan ya buga a ƙwarya. In an jera katunan, alal misali kaza, kaza, akuya, sa, ga kiɗa ya samu. A bar yaron ya sāke jerin yadda ya ga dama, a kaɗa abin da ya tsara. Daga nan a koma kan sunansa da na 'yan gidansu.

Harshenmu kuma yana da karin sauti, shi ya sa kalangu ke iya kwaikwayon magana. Ku lura da kukan jariri da kukar miya: in an ce kuka na hawaye, murya tana sama a gaɓa biyun, amma in itacen ake nufi sai ta faɗo a gaɓa ta biyu. Don nuna wannan, a zana tsani a kwali, a rataya ɗan tsuntsun kwali a zare, a riƙa ɗaga shi in murya ta hau, a sauke shi in ta sauka. Rera kalma maimakon faɗinta tsohuwar dabara ce ta masana. A 1973 wasu masu bincike a birnin Boston suka bayyana hanyar koya wa waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana su riƙa rera gajerun jumloli suna buga gaɓoɓin da hannun hagu, domin an lura wasunsu suna iya waƙa ko da magana ta gagara.

NA BIYAR: BUTUTU MASU LAUNI

Wannan aikin 'yan ajin kimiyya ne. Ƙa'idarsa ita ce, gwargwadon tsawon bututu gwargwadon kaurin muryarsa, kuma in aka raba tsawon biyu za a sami murya iri ɗaya amma siririya. A samo ragowar bututun roba daga wurin mai gyaran famfo, duk masu faɗi ɗaya. A yanka guda biyar: santimita 60, da 53, da 48, da 40, da 36. In ana son na shida a yanka mai 30. A goge bakin da samfefa. In an bugi bakin bututun da tafin silifa zai ba da muryarsa. Awon nan kusan daidai ne. Kunne shi zai ƙarasa gyaran, a riƙa rage kaɗan kaɗan.

Waɗannan muryoyi biyar suna da wani sirri: kowace biyu aka buga tare ba sa yin faɗa a kunne. Saboda haka yaro ba zai taɓa yin kuskure ba, duk abin da ya buga zai yi daɗi. Malaman da ke bin hanyar Carl Orff, wani mai tsara kiɗa Bajamushe, sukan cire sanduna biyu daga cikin bakwai na abin kiɗan yara don su bar waɗannan biyar ɗin.

A naɗa wa kowane bututu ƙyalle mai launi dabam, a kuma liƙa masa siffa dabam. Sa'an nan a yanka kwali dogo, a jera alamomin daga hagu zuwa dama yadda waƙar ke tafiya, murya mai tsawo a ja alamarta ta yi tsawo. Mutum ɗaya yana nunawa da sanda, kowa ya buga in an zo kan launinsa. Wanda bai sami bututu ba ya jera kwalabe masu kauri ya zuba ruwa: in ana bugawa da cokali, mai ruwa da yawa ita ce mai kaurin murya, amma in busawa ake yi, akasin haka ne. Kwalba dai sai da babba a kusa.

WASANNI HUƊU

1. Tagwayen sauti. A nemi gwangwani ko roba shida iri ɗaya waɗanda ba a ganin cikinsu. A zuba gero a biyu, tsakuwa a biyu, yashi a biyu. A rufe a manne sosai. Yaro ya girgiza ya nemo wa kowanne ɗan'uwansa. A ƙarƙashin kowane tagwaye a yi alama iri ɗaya don ya duba da kansa ko ya dace. Wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta sa irin wannan wasa cikin kayan koyarwarta tun farkon ƙarni na 20. Yana koyar da saurare da natsuwa.

2. Caki ya zagaya. A zauna a da'ira, ana waƙa ana miƙa caki hannu zuwa hannu. Da an ɗaga katin tsayawa, wanda caki ke hannunsa shi zai kaɗa shi kaɗai, ko ya zaɓi waƙa ta gaba. Ku lura, ba a fitar da kowa daga wasan. A wasannin dandali wanda ya faɗi yakan fita, amma a nan yaron da ya fi kowa buƙatar wasan shi zai fara fita, don haka ba mu bin wannan doka.

3. Zane da ƙwallo. Kowa ya kama gefen babban zane, a ɗora ƙwallon tsumma a tsakiya. In murya ta hau a ɗaga, in ta sauka a sauke, in kiɗa ya yi sauri a karkaɗa. Yana ƙarfafa kafaɗa da damtse, yana kuma sa yaran su dubi juna. Wanda ke kan keken guragu ma yana ciki sosai.

4. Faifan fuskoki. A kan faifai ko kwali mai da'ira a zana fuska huɗu: murna, baƙin ciki, fushi, tsoro. A kafa kibiyar kwali a tsakiya. Yaro ya juya kibiya zuwa yadda yake ji yau, sa'an nan ya buga wannan hali a ganga, sauran su amsa masa da irin bugunsa. Fushin da aka sauke a kan ganga bai sauka a kan ƙane ba. In kuwa kullum fuskar tsoro ko ta baƙin ciki yake nunawa, a gaya wa iyaye da malami, kada a yi shiru.

MAKAFI, KURAME DA TSOFAFFI

Wani zai ce, ina amfanin kayan gani ga makaho? Idon makaho yatsunsa ne. Louis Braille, Bafaranshen da ya ƙago rubutun makafi mai ɗigo shida, ya haɗa har da rubutun kiɗa cikin littafinsa na 1829, kuma a ƙasar nan an buɗe makarantar makafi a Gindiri tun 1953. Saboda haka maimakon launi sai a yi amfani da abin da hannu ke rarrabewa: samfefa, auduga, buhu, leda, fata. Maimakon hoton caki a ɗaure ɗan ƙaramin caki a jikin katin. Mai gani dishi-dishi kuwa a yi masa zane baƙi mai kauri a kan fari ko rawaya.

Kurma kuma yana jin kiɗa da jikinsa. Evelyn Glennie, 'yar ƙasar Sikotlan, ta kurmance tun tana shekara 12, amma ta zama ɗaya daga cikin shahararrun makaɗan duniya, takan yi kiɗa ba takalmi don ta ji girgizar sautin ta ƙafafunta, har ta jagoranci makaɗa a bikin buɗe wasannin Olamfik na London a 2012. To, a ɗora tafin yaro a jikin ganga ana bugawa. A watsa ɗan gero a kan fatar gangar, ya ga yadda yake tsalle da ƙarfin bugu. A kife ƙwarya a ruwa irin ta kiɗan mata, ya ga ruwan yana rawa.

Kakanninmu ma da mantuwar tsufa ta kama, sau da yawa waƙoƙin ƙuruciyarsu ba sa ɓace musu. A yi musu katin zaɓi da hotunan mawaƙan zamaninsu, irin su Alhaji Mamman Shata, da Ɗan Maraya Jos, da Barmani Coge, ko hoton turmi da dutsen niƙa don tuno waƙoƙin daka da niƙa. A yi shi cikin ladabi, kada a ba dattijo hoton da aka yi don yara.

HATTARA DAI

Abin da aka yi don taimako kada ya zama sanadin kuka. A kiyaye waɗannan:

1. Duk abin da faɗinsa bai wuce santimita 3 ba yana iya shaƙe ƙaramin yaro, ko babba mai kai kome baki. A ɗinke maɓalli da zare mai ƙarfi, a duba murfin caki kafin kowane wasa.

2. Kada a kuskura a zuba idon zakara ko 'ya'yan zurma a cikin caki. Suna da kyan gani, amma guba ce mai kisa in aka tauna.

3. A dandaƙe bakin gwangwani a naɗe shi da ƙyalle. Kada a yi amfani da robar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko fetur, ko tsohon fenti da ba a san asalinsa ba, domin wani yana da dalma.

4. Igiya doguwa da balan-balan da ƙananan batura ba kayan barin yaro shi kaɗai ba ne.

5. In yaro ya toshe kunne, ko ya juya baya, ko ya fara kuka, ya yi magana ke nan. A rage ƙara ko a tsaya. Ba a tilasta wa kowa.

6. A goge kayan da ruwan sabulu bayan an gama.

7. Kada a daina maganin asibiti saboda ana wasan kiɗa. Mai farfaɗiya ko wata lalura mai tsanani, a shawarci likitansa tukuna.

Bayan haka a ajiye ɗan littafi. Kowace rana a rubuta abu ɗaya da aka ƙirga: sau nawa ya zaɓi kati da kansa, sau nawa ya tsaya da aka ɗaga jan kati. Minti goma ko goma sha biyar a rana sun isa. Ci gaban irin waɗannan yara kamar girman itace ne, ido ba ya ganinsa a kwana ɗaya, amma littafi zai nuna shi bayan wata uku. Kuma in yaro ya ƙware har ba ya buƙatar katin, a janye shi sannu a hankali, domin sanda ce ta dogarawa, ba ƙafa ba.

KAMMALAWA

A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar Nijeriya da ta haramta nuna wa masu nakasa bambanci, ta kuma tabbatar musu da haƙƙin neman ilmi. Doka ta yi nata, amma doka ba ta yanka kwali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina kira ga ƙungiyoyinmu na Hausa, da na zane, da na kimiyya, su ware yammaci ɗaya a kowane zango don wannan aiki. Amma kafin a fara, a je makarantar yara masu buƙata ta musamman mafi kusa, irin ta Tudun Maliki a Kano, a gai da malamai, a tambaye su abin da suke buƙata, domin su suka san yaransu. Iyayenmu kuma muna roƙonsu kada su ɓoye irin wannan yaro don kunyar idon mutane. A fito da shi tsakar gida, a shimfiɗa tabarma, a ajiye kati biyu a gabansa, a tambaye shi wanne yake so, a kuma yi haƙuri a jira amsarsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma ya ba mu ilmi mai amfani, amin.